Awon Niyyar Ɗaukar Ciki: Me Amsar Matan Dakata Take Nufi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa takan aika ma'aikatanta gida-gida su tambayi uwa: cikin yaron nan, a lokacinsa kika so shi, ko kin so ya jinkirta, ko ba ki so shi ba sam? A binciken 2018, kimanin haihuwa 9 cikin 10 an ce an so su a lokacinsu. Aka kuma lissafta cewa macen Jihar Kano takan haifi 'ya'ya 6 zuwa 7, ta Legas 3 zuwa 4. Wadda ba ta yi boko ba kusan 7, wadda ta wuce sakandare ba ta kai 4 ba. Abin lura, matan Kudu, duk da ƙarancin haihuwarsu, sun fi na Arewa cewa ciki ya zo musu ba shiri.

To, a nan muke da magana. Mu ɗauki matar lebura a Dakata, mijinta na fafutuka a Bompai ko a majemun Challawa, masana'antu da yawa sun rufe, ɗaki ɗaya suke haya. Ta yi kwanika, na goye bai shekara ba. Baƙuwa ta zo da takarda, jaririn yana kan cinyar uwarsa, ta ce, "Kin so shi?" Wace Musulma ce za ta ce a'a? Cewa za ta yi Allah ne Ya kawo, sai a rubuta ta so. Alhali yarda da ƙaddara daban, shiri daban. Ma'aikaciyar gwamnati mai lissafin hutun haihuwa ta fi saurin cewa cikin ya yi wuri, ko da waccan ta fi ta shan wuya.

Wasu masana a Landan sun fito da wani ma'auni a 2004, mai tambaya 6, maki daga 0 zuwa 12. Daga 0 zuwa 3 babu shiri, daga 10 zuwa 12 da shiri, tsakaninsu kuwa mai zuciya biyu ce. Wannan ya fi kusa da halin ɗan Adam. Tambayar da ta fi jan hankalinmu ita ce: shin kun yi shawara da mijinki kafin cikin?

Wannan ba baƙon abu ba ne a fiƙihu. Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito cewa sahabbai suna yin azalu Alƙur'ani yana sauka, kuma a mazhabar Imamu Malik ba a yin sa ga mace 'ya sai da izininta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta ɗan lokaci idan akwai larura kuma miji da mata sun yarda, ta hana hukuma kafa dokar ƙayyade 'ya'ya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu, ta ɗora yaye kafin cikarsu a kan yarda da shawarar su biyun. Da masu bincike za su yi wannan tambaya a Dakata, su yi wa mazan ma, daga mai shago a Kantin Kwari har akawun ofis, da an ga gidaje nawa ne aka taɓa yin zancen.

Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hadisin gila, wato kusantar mai shayarwa. Wallahu a'alamu.