Ra'ayinmu: Takardar Dattawa Ba Ta Kashe Aure

Mun san akwai waɗanda za su ce me ya kawo zancen kashe aure cikin jaridar ikilisiya. Matsayin ikilisiya bai sake ba. Koyarwar Ubangiji cikin Matiyu sura 19 tana nan daram, aikinmu na fari kuwa shi ne sulhu. Amma gidaje suna rabuwa a tsakaninmu ko mun yi magana ko mun yi shiru, kuma rashin sanin doka yana ƙara wa masu rauni wahala, musamman mata da yara.

Abin da ya kamata kowane dattijo ya fara tambaya shi ne: wane irin aure aka ɗaura? Ba kowane auren da aka yi cikin majami'a ne auren doka ba. Auren doka shi ne wanda aka ba da sanarwa a ofishin magatakardan aure, aka jira kwana 21, aka karɓi takardar izini, sa'an nan aka ɗaura shi a ofishin ko a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, a gaban shaidu biyu aƙalla. Yawancin ƙananan majami'unmu na ƙauye ba su da wannan lasisi. Inda aka biya sadaki bisa al'ada, fasto ya sa albarka kawai, to a idon hukuma auren gargajiya ne, kotun gargajiya ko kotun yanki ce take raba shi, sau da yawa da mayar da sadaki.

Auren doka kuwa daban ne. Dokar shari'ar aure ta 1970 ta ce Babbar Kotun jiha ce kaɗai take da ikon raba shi. Ba fasto ba, ba majalisar dattawa ba, ba mai unguwa ba, ba kotun Shari'a ba. Mu da muke zaune cikin maƙwabtan da miji yake rubuta takardar saki a miƙa wa mace magana ta ƙare, sai wasunmu suka ɗauka haka abin yake ga kowa. Ba haka ba ne. Ko an mayar da sadaki har da kayan lefe, auren yana nan.

Dalili ɗaya ne kotu take karɓa: auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Amma sai mai ƙara ya kawo hujja. Misali zina wadda ta sa zama ya gagara, ko mugun halin da ba za a sa ran mutum ya jure ba, kamar dūka da maye kullum, ko gudu a bar aure na shekara 1. Idan ma'aurata sun yi shekara 2 ba sa tare, ɗayan kuma bai ƙi a rabu ba, ya isa. Idan shekara 3 ce, ko ya ƙi ko ya yarda. Kafin aure ya cika shekara 2 ba a shigar da ƙara sai da izinin kotu, ban da 'yan dalilai kaɗan irin su zina. Doka ta kuma ɗora wa alƙali ya duba ko sulhu zai yiwu, har yana iya ɗaga shari'a saboda haka. Ashe ke nan ƙofar da dattawa suke so a buɗe, doka ma ba ta rufe ta ba.

Ga inda mutane da yawa suke faɗawa rami. Hukuncin farko da alƙali yake yankewa na wucin gadi ne, sai bayan wata 3 yake tabbata. Wanda ya yi sabon aure kafin nan, ko kuwa bai je kotu ba sam, sabon aurensa banza ne a gaban doka, kuma wanda ya yi auren gargajiya a kan auren doka yana iya shan ɗaurin shekara 5. Ba kasafai ake kai kowa kurkuku ba, gaskiya ne. Ranar da asiri yake tonuwa ita ce ranar rabon gado. Miji ya rasu, ana batun gida da kuɗin sallama daga wurin aiki, sai matar farko ta fito da takardar aurenta, ta biyu kuwa da ta yi shekara 15 tana jinya da noma ta ga ba ta da matsayin matar aure. Ikilisiyar da ta sa wa auren na biyu albarka ba tare da tambaya ba, da hannunta a cikin wannan kuka.

Game da yara, kotu ba ta bin maganar "'ya'ya na uba ne". Abin da ya fi amfanar yaron shi take dubawa, tana kuma iya umartar a biya kuɗin abinci da na makaranta. Kada wani dattijo ya tsorata mace da cewa in ta je kotu za ta rasa 'ya'yanta. Matar da ake dūka kuwa, a fara nema mata mafaka kafin a kira zaman sulhu.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar ikilisiya ta bincika ko majami'arta tana da lasisi, ta gaya wa ango da amarya a fili irin auren da ake ɗaura musu. Kada a sa ranar auren wanda ya taɓa aure sai an ga takardar kotu ta ƙarshe, ko shaidar rasuwar abokin zama. Wanda ba shi da kuɗin lauya, sakataren ikilisiya ya raka shi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiha, ko wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, a ji abin da za su iya yi masa.