Ɗinki ya warke, ƙwaƙwalwar fa?

Idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko babur ya banke shi kansa ya daki kwalta, jini muke dubawa. Da an ɗinke wurin, kumburi ya sace, sai a ce Allah ya kiyaye gaba, a rufe zancen. Gaskiya ne yawancin ƙananan buguwa kan warke cikin 'yan makonni. Amma wadda ta taɓa ƙwaƙwalwa sosai, wadda ta sa yaro ya suma ko ya kwanta asibiti, tana iya bin sa har girmansa.

Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai kula da natsuwa da tsara aiki da danne fushi, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Yaron da ya bugu yana ɗan shekara 4 zai iya miƙewa ya koma wasa kamar ba a yi komai ba, domin a lokacin ba wanda ke neman ya zauna yana lissafi ko ya riƙe hadda mai tsawo. Sai karatu ya yi nauyi matsalar ta fito: a koya masa yau ya manta gobe, ya gaji da wuri, ya riƙa kukan ciwon kai, ƙaramin abu ya tunzura shi. Tsagewar harsashin gini ce, ba ta bayyana sai an ɗora bene.

A nan ne muke zaluntar yaran nan, kuma abin yana ci mini rai. A makaranta a kira shi daƙiƙi, a gida a ce taurin kai ne, sannan a bi shi da ranƙwashi a kan nan da ya taɓa fashewa. Idan farfaɗiya ta biyo baya, wadda kan iya zuwa bayan watanni ko shekaru, sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi, alhali akwai maganin asibiti da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu fama.

Ranar da abin ya faru ma akwai ganganci. Jini kan taru cikin ƙoƙon kai yaro yana magana lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i ya fita hayyacinsa. Amai a kai a kai, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne, duk ba na kemis ba ne. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Tun Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano, amma kullum da safe ana jera yara uku huɗu a babur ɗaya zuwa makaranta, kawunansu a buɗe.

Iyaye, ku adana takardun asibitin yaron da ya taɓa buguwa, ku sanar da malaminsa, ku koma wurin likita idan halinsa ya canza ko da bayan shekaru ne. Malam, kafin ka ɗaga bulala kan yaron da ya kasa riƙe karatu, ka tambayi mahaifansa ko ya taɓa faɗuwa da ka.