Kira ga Gwamnatin Kano: A Fara Kasafin Makarantun Firamare Daga Cikin Aji

Mai Girma Gwamna, Mai Girma Shugaban Majalisar Dokoki, Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha (SUBEB) da shugabannin ƙananan hukumominmu 44, ina neman izinin in yi magana kan kasafin kuɗin makarantun firamare tun kafin a rufe lissafin shekara mai zuwa.

Yabon gwani ya zama dole. A watan Yunin 2024 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma a kasafin shekarun nan an ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100, wanda ya zarce kashi 15 zuwa 20 da UNESCO ke ba da shawara. Ba ƙarin kaso nake roƙo ba. Roƙona shi ne a duba lokacin da kuɗin ke fita, da kuma ƙidayar da aka gina shi a kanta.

Shekarar kasafi tana farawa a Janairu, shekarar karatu a Satumba, ita kuwa damina ba ta jiran ko ɗaya. Ranka ya daɗe, a dubi yadda aji ke mutuwa a ƙauye. Iskar farkon damina ta zo a Mayu ko Yuni ta yaye kwano biyar ko shida. Hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sakatare ya tura sama, amsa ta dawo cewa babu wannan aikin a kasafin bana. Ruwan Agusta ya yi ta dukan katako har ya ruɓe, silin ya rufto, bango ya jiƙe ya tsage. Yara su koma gindin darbejiya, ko a cusa su cikin ajin da ya riga ya cika. Abin da bandir ɗaya na kwano da ƙusa da kafintan gari za su gama a wuni biyu, sai ya koma kwangilar sake gini ta miliyoyin naira bayan shekara biyu. Sabon gini yana da bikin buɗewa da hoto a jarida, gyara kuwa ba shi da mai tafa masa, shi ya sa ake mantawa da shi a takarda.

Don haka muna roƙon a ware kuɗin gyara daban, a riƙa tura shi kai tsaye asusun kowace makaranta kafin ƙarshen Maris, ƙarƙashin sa hannun hedimasta da shugaban kwamitin iyaye da dattawa na SBMC. Kwamitocin nan suna nan a yawancin makarantu, sai dai da dama sun zama masu taro babu abin kashewa. A ba su kaɗan, a binciki yadda suka kashe, wanda ya ci amana a hukunta shi.

Sai batun ƙidaya, wanda nake ganin shi ne tushen komai. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, amma makaranta ba ta da wannan uzurin, tunda akwai ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Yaron da aka raɗa wa suna bana, nan da shekara shida zai tsaya a ƙofar aji ɗaya. Masu unguwanni sun san shi, ma'aikatan rigakafi sun shiga gidansu. Duk wanda ya ga yadda gonaki suka koma unguwanni a Kumbotso da Ungogo ya san inda cunkoson gobe zai faɗo. Haka ranar ritayar kowane malami tana cikin fayil ɗinsa, ba gaibu ba ce. To me zai sa a wayi gari makaranta ta rasa malamin lissafi, a ce abin ya zo ba zato? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali akwai azuzuwan da malami ba ya samun wurin taka ƙafa tsakanin yaran da ke zaune a ƙasa. Kowace ƙaramar hukuma ta fito da tsarin shekara uku: yara nawa za su shigo, nawa za su gama aji shida su nemi gurbi a ƙaramar sakandare, malamai nawa za su tafi, azuzuwa da benci da banɗaki nawa ake bukata. A kan wannan za a ɗora kasafin kowace shekara, maimakon a ɗauko na bara a ƙara masa wani abu a kai.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kuma jiha ba ta samun kasonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa. Shekara da shekaru biliyoyin naira na jihohi daban-daban suna kwana a Abuja saboda wannan sharaɗi. A sa kuɗin da jiharmu za ta ajiye cikin kuɗin farko da za a saki a shekara, tare da jerin ayyuka a shirye. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk watan da aka yi jinkiri tsadar siminti da rodi takan ci wani ɓangare na ajin da za a gina.

Akwai kuma albashi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a watan ne kuma aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Daga kason ƙananan hukumomi ake biyan malaman firamare. Tsofaffin malamai ba su manta da 1991 ba, lokacin da aka rushe hukumar firamare ta ƙasa aka miƙa su ga ƙananan hukumomi, albashi ya yi ta maƙalewa, yajin aiki ya yawaita, har aka dawo da hukumar a 1993. Kada a jira a sake ganin haka. Jiha da ƙananan hukumomi da ƙungiyar malamai ta NUT su zauna su rubuta wanda zai biya me, da ranar biya, da yadda za a tallafa wa ƙaramar hukumar da malamanta suka fi ƙarfin kasonta.

Roƙo na ƙarshe bai fi ƙarfin takarda da gam ba. A liƙa abin da aka ware wa kowace makaranta a bangon ofishin hedimasta, da Hausa, da sunan aikin da kuɗinsa da ɗan kwangilarsa, a kuma karanta na kowace ƙaramar hukuma a rediyo. Su ma 'yan majalisarmu masu girma, kafin su amince da kasafin baɗi, kowannensu ya shiga makarantu uku na mazaɓarsa ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga yara da benci da malaman da ya tarar, ya zo zauren majalisa da abin da ya gani. Allah Ya taimaki shugabanninmu, Ya ba su ikon duba wannan koke.