Jaridar Da Ta Mai Da Kan Sarki Gora

A wannan wata birnin Paris za mu leƙa, mu ga yadda wata 'yar jarida ta hana sarki barci da zane kawai.

A watan Nuwamba na 1830 ne wani mai zane, Charles Philipon, ya kafa jaridar mako-mako mai suna La Caricature. Watanni kaɗan ke nan da hawan Sarki Louis-Philippe, wanda ya zo da alkawarin sakar wa 'yan jarida mara. Philipon ya ɗauki alkawarin da gaske. Ya tara masu zane, suka duƙufa yi wa sarki da fadawansa zambo.

A Nuwamba 1831 aka gurfanar da shi gaban alƙali bisa laifin cin mutuncin sarki. To, a nan ne abin ya yi daɗi. Philipon ya ɗauki takarda ya yi zane huɗu a jere. Na farko fuskar sarki ce sak, da kumatunsa masu faɗi da tsukakken kai. Na biyu ya yi kama da na farko, na uku ya yi kama da na biyu, na huɗu kuwa ɗan itacen nan ne da Faransawa ke kira poire, mai faɗin gindi da siririn wuya kamar ƙaramin gora. Hujjarsa ita ce, in kama da sarki laifi ne, to har ɗan itacen ma sai a hukunta. Alƙalai ba su yi dariya ba. Suka yanke masa wata shida da tarar faran 2,000.

Amma aikin gama ya gama. Ko'ina a bangon Paris sai ga goran nan, har yara suna zana shi. Mu malamai mun san wannan ciwo: ranar da ɗalibi ya zana ka a allo aji ya fashe da dariya, ko ka goge allon, sunan ya bi ka.

Abokin aikinsa Honoré Daumier shi ma ya sha ɗaurin wata shida a 1832, don ya zana sarki a matsayin ƙaton da ke haɗiye kuɗin talakawa yana kasayar da muƙamai.

A Disamba 1832 Philipon ya ƙara da jaridar kullum, Le Charivari. Bayan yunƙurin kashe sarki a Yuli 1835, gwamnati ta kawo dokar da ta hana buga kowane zane sai da izini, La Caricature kuwa ta rufe a watan Agusta tun kafin dokar ta fara aiki. Le Charivari ta juya kan lauyoyi da likitoci da masu gidajen haya, ta rayu har 1937. Ita Punch ta Ingila ta kwaikwaya a 1841.

Shi kuwa Louis-Philippe, juyin 1848 ya kore shi, ya gudu Ingila, can ya rasu a 1850.