Kwamfutar kwantum da kuɗinmu na waya: a canza kwaɗo tun da wuri

Duk mai sauke albasa a kasuwar Kwadaso ya san cewa yawancin kuɗin da muke biyan abokan cinikinmu na Galmi da Bawku ta waya suke tafiya. Tun da MTN ta kawo MoMo Ghana a 2009 muka rage ɗaure kuɗi a ƙugu. To, abin da ke tsare wannan kuɗi a hanya kwaɗo ne na lissafi, kuma ana can ana ƙera injin da zai iya ɓalle shi.

Kwamfutar da muka sani da 0 ko 1 take ƙirga. Ita kuwa kwamfutar kwantum da kubit take aiki, wanda ke iya riƙe 0 da 1 a gauraye har sai an auna shi, kamar sulen da ke juyawa kafin ya faɗi. Yawancin makullan intanet sun dogara ne da lissafin da kwamfuta za ta shekara dubbai ba ta warware ba. A 1994 wani masani, Peter Shor, ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum za ta warware shi cikin ɗan lokaci.

Wannan babbar ba a ƙera ta ba tukuna. Willow da Google ta fitar a Disambar 2024 kubit 105 gare ta, sai an sanyaya ta kusan digiri 273 ƙasa da sifili, kuma tana yin kuskure. A 2025 wani masanin Google ya ƙiyasta cewa ana bukatar kusan kubit miliyan ɗaya. Amma rigakafi ya fi magani: a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin makullai da za su jure wa wannan inji.

Ghana ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 shekarar kimiyyar kwantum. Saboda haka muna da bakin tambayar Bankin Ghana da kamfanonin waya: yaushe za ku canza namu kwaɗon? Shugabannin ƙungiyoyinmu su kai wannan tambaya a rubuce.

Mu ma da namu aikin. Duk wanda ya zo da zancen zuba jari a “kwantum” da alkawarin ninka riba, ɗan damfara ne. Kada mu ba kowa lambar sirrinmu. Sannan mu ƙarfafa wa ’ya’yan zango gwiwa su karanta lissafi da kimiyya a KNUST, tunda ga ta a ƙofar gida. Allah ya tsare mana dukiyarmu.