Mashaƙo ya nuna inda Ma'aikatar Lafiya ta Kano ta bar giɓi

A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna. Jihar Kano, wadda ta dakatar da rigakafin a 2003, tana da kaso babba a wannan nasara, kuma ma'aikatanta da suka riƙa bi gida-gida sun cancanci yabo.

Sai dai tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓulla, Kano ta zamo inda ya fi ƙamari a Najeriya. Cuta ce da rigakafinta yake nan tun da daɗewa, kyauta kuma. To, ina gizo yake saƙar?

Rigakafin shan inna ɗigo ne a baki, a ƙofar gida ma ana bayarwa. Na mashaƙo kuwa allura ce, wato Penta, kuma sau uku ake yi: jariri yana da mako 6, da 10, da 14. Ke nan dole uwa ta je asibitin unguwa sau uku, ta samu ma'aikaciya a bakin aiki, firiji yana da wuta, allurar kuma ba ta ƙare ba. Wadda ta biya kuɗin adaidaita aka ce mata "ki dawo gobe", da wuya ta dawo, balle maigida ya sake ba ta kuɗin mota.

Gangami yana da kyau a hoto, shi ya sa jami'ai suke son sa. Amma muna kira ga ma'aikatar da Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jihar su riƙa wallafa, mazaɓa bayan mazaɓa, yawan yaran da suka karɓi allurar farko ba su dawo ta uku ba, sannan a tura ma'aikata su bi sawunsu.