Kafin a kwantar da mota ƙasa ko a ƙara mata lam, a dubi hanyar da za ta bi

Yau maganarmu a kan ƙafafun mota take, wato rasor da lam da amortisar, wanda ƴan uwanmu na Kano da Katsina ke kira shokazoba. Ɗabi'u biyu muke gani a garuruwanmu. Ta farko ta samari ce masu ƙananan motoci, waɗanda suka ga motocin Turai a cikin waya sun kwanta har ciki na neman taɓa ƙasa, su ma suka ce sai tasu ta kwanta. Ta biyu ta masu motocin haya ce, waɗanda ke zuwa gareji a ƙara musu lam don mota ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta. Ra'ayinmu a fili yake: ta farko asarar kuɗi ce, ta biyu kuma tana iya kaiwa ga asarar rai. Duk mai kuɗin kashewa a ƙafafun motarsa, ya kashe su a kan amortisar na ƙwarai, ya bar motar a tsayin da kamfani ya yi ta.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don wanda ya san aikin abu ba a cika cutarsa a gareji ba. Rasor shi ne ƙarfen nan mai naɗi da ke jikin ƙananan motoci, lam kuma su ne falle-fallen ƙarfe da aka jera a bayan a-kori-kura da kamiyo. Su ne ke ɗauke da nauyin mota. Idan taya ta faɗa rami sai su lotsa, sannan su dawo. Matsalar ita ce rasor in ya fara lilo ba ya tsayawa da wuri. Nan amortisar ke shigowa. Bututu ne mai mai a ciki, da wani fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da mota ta motsa sama ko ƙasa, sai man ya matsu ta waɗannan ƙofofi, lilon ya mutu. Iyayenmu mata sun san misalin wannan: bokiti ne ke riƙe ruwa, amma ganye ko ƴar ƙwaryar da aka ɗora a kai ita ke hana shi tambal-tambal a kan hanyar gida. Idan amortisar ya mutu, taya tana tsalle a kan hanya, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

To, daga ina wannan yayi na kwantar da mota ya fito? Daga Jamus da Japan da Amurka, kuma a can yana da dalilinsa. Kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus suna ƙera gajerun rasor masu tauri da ke sauke mota da kimanin santimita 3 zuwa 4. Wasu kamar Bilstein da Koni da KYB suna ƙera amortisar da ya dace da su. Idan nauyin mota ya matso ƙasa, ba ta karkata sosai a kan kwana, kuma tana riƙe hanya da kyau in ana gudu a kwalta mai santsi. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai wanda ya yi aikin yadda ya kamata a can, yakan canza rasor da amortisar tare, ya kai mota a daidaita masa ƙafafu, abin da makanikai ke kira paralelisim. A Jamus ma ba a yarda mutum ya sa irin wannan ƙarfe haka kawai ba. Dole ya kasance an amince da shi ga irin wannan motar, kuma masu binciken motoci irin su TÜV suna dubawa. Samarinmu sun ɗauko ado, sun baro ƙa'idar a can.

Yanzu mu dubi tamu hanya. Ƙaramar mota ta gida, tsakanin cikinta da ƙasa bai cika wuce santimita 13 zuwa 16 ba. A cire 4 daga ciki, a zuba mutum biyar, a sa buhun shinkafa a baya, me ya rage? Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi, kuma garuruwan da ke bakinta suna da tudun rage gudu. In aka sauka daga kwalta kuma, sai burji mai gargada, sai rairayi, sai ƙoramu da ke cika da damina. Ko cikin birni, wanda ya taɓa bin unguwa bayan ruwan watan Agusta ya san halin da ake ciki. Abin da ke fara bugun ƙasa shi ne salansa da tukunyar man inji, wadda ake kira karter. Idan karter ya fashe mai ya zube direba bai lura ba, cikin ƴan mintuna inji zai kama. Wanda ya je neman ado sai ya dawo neman inji. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa rana guda. Gajeren rasor yana da tauri, don haka bugun da ya kamata ya shanye sai ya miƙa shi ga rotil da robobin ƙafa da taya da jant. Idan aka bar tsohon amortisar tare da gajeren rasor, yana aiki a matse, ba a inda aka ƙera shi ya yi aiki ba, sai ya mutu da wuri. Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi don gudun kashe kuɗi: a yanke rasor na asali da injin yankan ƙarfe, ko a gasa shi da wutar walda har ya lotsa. Ƙarfen rasor an yi masa wani irin horo da wuta a masana'anta, in aka sake gasa shi ya rasa ƙarfinsa. Wanda aka yanke kuma yana iya zamewa daga mazauninsa lokacin da taya ta faɗa rami, kuma da wuya dama da hagu su zo daidai. Duk makaniken da ya yarda ya yi wannan aiki bai kyauta wa mai motar ba, ko da kuwa mai motar ne ya roƙe shi.

Wata Hajiya mai sayar da tumatir a kasuwar Dole ta Damagaram ko mai kai atamfa kasuwannin ƙauye za ta ce, ni ina ruwana da motar samari? Hajiya, ɗabi'a ta biyu ke ta shafa kai tsaye, don ke ce ke zaune a kan lodin. Motar da ke kai ki kasuwar mako, in an yi mata lodi fiye da kima, bayanta yakan zauna, gabanta ya ɗaga. Wannan zama shi ne kukan da mota ke yi cewa ta gaji. Idan aka ƙara mata lam biyu ko uku sai ta miƙe tsaye, ido ya ga kamar lafiya lau. An toshe mata baki ne kawai. Birkinta yana nan yadda yake, tayoyinta suna nan, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yana nan. Kamfanin da ya ƙera ta ya auna birki da taya da rasor a kan nauyi guda, kuma wannan nauyi yana rubuce a takardar mota, kart giriz, a wurin da aka sa PTAC, wato iyakar nauyin mota da kayanta da mutanenta gaba ɗaya. Ƙarin lam ba ya canza wannan lamba.

Taya ma tana da nata iyaka, a rubuce a gefenta. Alal misali, tayar da ke da lamba 91 bayan girmanta, kilo 615 aka yarda ta ɗauka. Tayar da aka danne da nauyi tana yin zafi, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, kwalta na ƙara mata wuta har ta fashe. Sannan ga lodin da ake tarawa a kan rufi: buhunan albasa, awaki, buhunan gero, wani lokaci har da mutane. Duk abin da aka ɗora sama yana ɗaga nauyin mota, ya sa ta saurin kifewa a kwana ko lokacin da direba ya kauce wa jaki. Gudu kuma yana ƙara tsananta abin, don idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu.

Mun san abin da direbobi za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Ga kuɗin mai, ga abin da ake biya a hanya, ga mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma. In ba a cika mota ba, ba a fita. Su ma masu kaya suna da hannu, don sau da yawa su ke matsa wa yaron mota ya ɗora musu buhu na ƙarshe. Kuma a yi adalci: sa lam mai ƙarfi ko amortisar mai jure gargada ba laifi ba ne, in dai don mota ta ɗauki nauyin da aka yarda mata ne a kan mummunar hanya. Laifin yana wurin mai da shi hujjar ƙara lodi. Mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Ribar buhu biyar da aka ƙara, sau nawa za a tara ta kafin ta biya mota guda da ta kife, da jarin mata goma da ya watse a kan kwalta, da kuɗin likita? Rai kuma ba shi da farashi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi shafa.

Ita ma hanyar da muke kuka da ita, lodi ke cinye ta. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta tana kai kusan ninki 16. Saboda haka ne ƙasashen UEMOA suka kafa doka mai lamba 14 a shekarar 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da kowace ƙafar babbar mota za ta ɗauka. Lodi na fasa hanya, fasasshiyar hanya na kashe amortisar, mai mota ya koma gareji, kuɗin ya dawo kan farashin jigilar buhu, daga nan ya sauka a kan mudun da talaka ke saye.

To me ya kamata mai mota ya yi? Ya san alamomin mutuwar amortisar. In ya danna gefen mota da ƙarfi ya saki, ta ci gaba da lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, akwai magana. In ya ga mai ya jiƙe jikin amortisar, ko mota tana dungurawa gaba in an taka birki, ko taya tana cinyewa tudu da kwari, lokaci ya yi. Wasu masu ƙera shi suna ba da shawarar a canza shi wajen kilomita 80,000, kuma wanda ke bin gargada kullum bai kamata ya jira wannan adadi ba. A canza biyu tare, dama da hagu, kada a sa sabo gefe guda tsoho gefe guda. A sayi wanda aka yi don irin motar da nauyinta. A yi hattara da na hannu da aka wanke aka shafa wa fenti, da na jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa, zuciya na iya raya wa mutum ya nemi mafi araha. Araha ba ta ado. Bayan an gama aiki, a nemi makanike ya nuna tsohon da ya cire, a kuma daidaita ƙafafu.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, kafin ku hau, ku zagaya motar sau ɗaya. Ku dubi ko ta karkace gefe guda, ku dubi tsayin lodin sama, ku dubi taya ko ta suɗe ko ta tsattsage. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In abin bai kwanta muku ba, ku yi magana tare. Mace guda in ta yi ƙorafi za a ce ta cika surutu, amma mata goma in suka ce ba su hawa sai an rage kaya, za a rage. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Muna kira ga sandikan direbobi a tashoshin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Yamai da su sa ido a kan lodi tun mota ba ta bar tasha ba, don a nan ne gyara ya fi sauƙi. Masu binciken lafiyar motoci, bizit teknik, su leƙa ƙarƙashin mota da gaske kafin su buga hatimi. Samari kuma, wanda ke son motarsa ta yi kyau ya wanke ta, ya sa mata tayoyi na ƙwarai da amortisar mai rai, ya bar ta a tsayinta. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa kasuwa lafiya, ya maido shi gida da riba.